Jijiyar Aro

Shekara talatin da huɗu ina binne bututu a Kano,
daga Dandago har Gwammaja.
Na san tarin da famfo yake yi in ya sha iska,
na san shirun da yake yi in layi ya toshe.
Ban taɓa kasa kunne ga ƙirjina ba
sai ranar da na zube a ƙofar shagon Shazali,
sifana a hannu, gumi kamar an sheƙa mini bokiti.

Likita Sakinatu ta ce uku sun cushe.
Ta ce ba za su fasa tsohon layi ba,
kewaye shi za su yi.
Na ce, 'yata, ai sana'ata kike faɗa mini.

Suka zaro jijiya daga ƙwaurina na hagu,
wadda ta hau Dala da ni ina yaro,
ta tsallake kwatami dubu,
suka juya ta, kai ya koma ƙafa,
suka ɗinke ta a bayan zuciya
da zaren da ya fi gashin jariri sirantaka.

Kwana tara, na samu bakin tambaya:
to me zai sa jini ya yarda ya bi ta?

Ta ce faɗi.
Ka rage faɗin bututu da rabi,
ba rabin ruwa za ka samu ba,
ɗaya cikin sha shida ne zai iso.
Na tuna benen wani attajiri a Fagge
da ya ƙi sayen mai inci ɗaya,
har yau da buta ake hawa sama.

Ta ce tsawo: in ta yi yawa ta lanƙwashe,
in ta gaza ta ɗame.
Ta ce ƙarfin da ke turowa daga baya.
Na ce tanki kenan, sai ya hau bisa.
Ta ce sai kuma inda za shi:
in sukari ya cinye ƙananan hanyoyin gaba,
ko Tamburawa ka jawo gaba ɗaya
kan famfo mai tsatsa ɗigo zai ba ka.

In tsohon layi bai gama toshewa ba fa?
Ta ce jini ya raba hankali biyu,
sabuwar ta zauna ba baƙo
har ta tsuke don kanta.
Hanyar da ba a bi, ciyawa ke gadonta.

Ta hana ni taba. Ta rage mini kitsen balangu.
Ta ba ni wata 'yar ƙwaya fara, kullum ɗaya,
kada jini ya yi kauri kamar kunun da ya kwana.
Duk wannan na gyaɗa kai. Na sani, na sani.

Ɗaya ce ban sani ba.
Ta dunƙule hannu ta ce:
in zuciya ta matsa, jiki take shayarwa,
kai da ƙafa da hanta.
Sai ta buɗe yatsu a hankali:
ita kanta, sai ta saki take sha.
In ta cika sauri, ba ta samun kurɓa.

Na yi shiru.
Na tuna gidana a Dandago,
famfon tsakar gida shekara shida a karye,
Hansatu na ƙirga kuɗin 'yan garuwa
ni ina can ina kai wa mutane ruwa.

Yanzu dare ya raba. Janareta na gurnani.
Ƙwaurina na ƙaiƙayi inda aka yi aron.
Na ɗora tafi a kan ɗinki,
ba bugun nake saurare ba,
ɗan shirun da ke tsakani,
inda take sunkuyawa ta sha.

Shazali ya kira sau biyu, wai aiki a Kurna.
Na kife wayar.